Binciken Kuɗin En'e a Kano

A watan Agusta na 1950, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Kukansa shi ne talakawa na biyan haraji da jangali, amma ba su da bakin tambayar inda kuɗin ke tafiya. A zamanin da alkali, ɗan doka da gidan yari duk suna hannun sarki, wannan magana sai mai ƙarfin hali.

Bayan shekara goma sha biyu maganar ta iso Kano. A 1962 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta ɗora wa wani jami'in Bature, David Muffett, binciken kuɗin En'en Kano, wadda ta fi kowacce arziki a Arewa. Rahotonsa ya nuna an yi wa baitulmali riƙon sakainar kashi.

A 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus, aka kai shi Azare. Har yau Kanawa da yawa na ganin saɓaninsa da Sardauna ne ya hura wutar, kuma zargin na da ƙamshin gaskiya, ko da yake hakan bai wanke lissafin ba. Muhammadu Inuwa ya gaje shi, ya rasu bayan 'yan watanni, aka naɗa Ado Bayero.