Tsananin Malami da Gadon Hujja: Abdullahi Smith a Rayuwar Bala Usman

Duk lokacin da aka ambaci marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda aka haifa a Musawa a 1945, abin da ake fara tunawa shi ne tsayuwarsa gaban masu mulki ba tare da shakka ba. Ba a cika tambayar inda ya samo makamin wannan gwagwarmaya ba. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, ɗabi'arsa ta ƙin karɓar magana sai da hujja ta nuna ne a hannun Farfesa Abdullahi Smith, kuma babban gadon da malami mai tsanani ke bar wa almajirinsa shi ne ma'aunin auna magana, wanda kan daɗe fiye da ra'ayin malamin kansa.

Smith ya baro Ibadan a 1962 ya kafa sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya ya jagoranci Gidan Arewa a Kaduna. Tsananinsa a kan madogara yake. Bai yarda a kwashi rahoton jami'an mulkin mallaka a mayar da shi tarihi ba. Ya tura ɗalibai ga rubuce-rubucen Larabci da ke zaurukan malamai da kuma bakin dattawa, sannan su ma waɗannan sai an tankaɗe su. Shi da kansa, a maƙalarsa ta 1970 kan kafuwar daulolin ƙasar Hausa, ya ƙi ɗaukar labarin Bayajida a matsayin bayanin asalin sarauta. Bala Usman ya bar koyarwa a Kwalejin Barewa ya yi digirinsa na uku a ƙarƙashin wannan mutum, ya kammala a 1974, aikin ya fito littafi a 1981 kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883. A ciki ya yi watsi da fassara jihadi a matsayin rikicin Haɓe da Fulani, ya bi diddigin birane da garuruwa, da masu sarauta da malamai da fatake. Hatta Heinrich Barth, wanda ya shiga Katsina a 1851 kuma masana ke jin maganarsa kamar yankan wuƙa, bai tsira ba: sai da Bala ya binciki yanayin da baƙon ya ga garin, da mutanen da ya zauna da su, da zaton da ya taho da shi daga Turai.

Mai ja zai ce ai Bala jikan sarakunan Katsina da Kano ne, ya kuma yi karatu a Lancaster, don haka ƙarfin halinsa daga gida da Ingila ya fito. Gaskiya ne gida ya buɗe masa ƙofofin da ɗan talaka zai daɗe yana sallama a bakinsu. Amma 'ya'yan sarauta nawa suka je Ingila suka dawo, ba su taɓa tuhumar tarihin gidajensu ba? Ja na biyu ya fi nauyi: malamin ya musulunta, tunaninsa ya karkata ga manufofin Musulunci, ɗalibin kuwa ya rungumi siyasar talakawa, ya sa hannu tare da Segun Osoba a rahoton 'yan tsiraru na kwamitin tsara kundin tsarin mulki a 1976, ya kuma zama sakataren gwamnatin Balarabe Musa a Kaduna. To ina tasirin? A ganina wannan rabuwar hanya ita ce shaida mafi ƙarfi. Da ra'ayi kawai ya gada, da ya tsaya inda malamin ya tsaya. Littafin Bala na 1987 kan yadda ake wasa da addini a siyasar Nijeriya, da tambayoyin masanin tarihi aka gina shi: wa ya faɗa, yaushe, me zai samu?

Ba na musun cewa tsanani kan karya wasu ɗalibai, musamman idan ya koma wulaƙanci ko jan ƙafa wajen duba aiki. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne tsananin malamin da ya fara ɗora wa kansa abin da yake nema ga ɗalibi. Bayan rasuwar Smith a 1984, Bala da abokansa sun kafa cibiyar binciken tarihi da sunansa a Zariya, wadda ta tattara rubuce-rubucen Smith ta buga a 1987. Ina roƙon masu duba kundayen digiri a jami'o'inmu na yau, kada su sa hannu a kan aikin da ba su bi madogararsa ɗaya bayan ɗaya ba.