Ranar Da Attajirin Mai Ya Ƙi Amsa Tambaya

Wani mai sauraronmu ya rubuto daga Katsina yana tambaya, wai shin hukuma na iya tilasta wa mai babban kamfani ya zo ya ba da bahasi, ko kuwa sammaci na talaka ne kawai?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Tana iyawa, amma bari in kai ka Amurka ka ga yadda aka sha fama kafin abin ya zaunu.

A 1922 ne ministan da ke kula da filayen gwamnati, Albert Fall, ya ba kamfanin wani attajiri mai suna Harry Sinclair hayar filin mai na Teapot Dome a jihar Wyoming, a asirce, ba tare da an kira 'yan kwangila sun yi takara ba. Ba a jima ba sai aka ga minista ya yi kuɗi farat ɗaya. Majalisar Dattawa ta sa kwamiti ya bincika, Sanata Thomas Walsh ne ke jan ragamar tambayoyi. Da aka kira Sinclair a 1924, ya zo, amma ya ce shi fa ba zai amsa ba, tunda maganar tana gaban kotu.

Nan ne gizo ke saƙa. Tsarin mulkin ƙasar bai faɗi ƙarara cewa majalisa na da ikon tilasta wa mutum ba da shaida ba. Sai a 1927, a wata shari'a dabam ta wani shugaban banki da ya ƙi amsa sammaci, Kotun Ƙoli ta ce ai majalisa ba ta iya yin doka a makance, dole ta ji daga waɗanda suka san zance.

To ka ji abin mamaki. Kotu ta wanke Sinclair daga zargin haɗa baki a cuci gwamnati a 1928, amma ƙin amsa tambayar nan ya ja masa wata uku. Ya ƙara jawo wa kansa wata shida, saboda ya ɗauki hayar 'yan leƙen asiri suna bin sawun masu taya alƙali yanke hukunci. A 1929 ya shiga gidan kaso a Washington, da dukiyarsa da komai. Shi kuwa Fall, a shekarar aka same shi da laifin cin hanci, aka yanke masa shekara ɗaya da tarar dala 100,000.