Kwamitin Gudanar da Makaranta a Kano: Nazari kan Bayyanawa da Ba'asi

Kalmomi biyu ne ginshiƙin wannan nazari, kuma ya kamata mu fayyace su tun farko domin ana yawan cuɗa su. Bayyanawa, a nan, ita ce a ajiye al'amuran makaranta a faifai yadda duk mai haƙƙi zai gani ba tare da ya roƙa ba. Ba'asi kuwa shi ne a iya tsare wanda aka damƙa wa amana ya yi bayani, in bayanin bai gamsar ba a ɗauki mataki a kansa. Ta farko aikin ido ce, na biyu aikin hannu. Shi kuma kwamitin da muke magana a kai shi ne wanda ake kira SBMC a taƙaice, wato kwamitin mutanen unguwa da Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa wa kowace makarantar firamare da ƙaramar sakandare a tsakiyar shekarun 2000. A cikinsa akwai hedimasta, da wakilin malamai, da mai unguwa ko wakilinsa, da malamin addini, da mata, da tsofaffin ɗalibai, har da wakilan yaran kansu.

Sai mun san tsanin da kwamitin yake ƙarƙashinsa kafin mu auna ƙarfinsa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, jiha kuma ba ta karɓar kason gine-gine sai ta zuba daidai da shi daga aljihunta. Daga nan kuɗi ya bi ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da sashen ilimi na ƙaramar hukuma. Kwamiti shi ne matakalar ƙarshe. Ya daɗe yana kan takarda kawai, sai da shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 a jihohi shida ciki har da Kano da Jigawa da Kaduna, ya horar da mambobi a makarantu masu yawa. Daga baya shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 domin karatun 'yan mata, ya riƙa tura kuɗin gyaran makaranta ta hannun kwamitocin.

Bayyanawa iri uku ce. Akwai ta kuɗi, akwai ta shawara, akwai ta sakamako. Ta kuɗi ta fi sauƙi, ta kuma fi samun hujja. A Uganda, wani binciken bin diddigin kuɗi na 1996 ya gano cewa kusan kashi 13 cikin ɗari ne kawai na tallafin da ake ware wa kowane ɗalibi yake isa makaranta. Gwamnati ta fara buga abin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, ta kuma umarci makarantu su manna nasu a allon sanarwa; zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Irin wannan kwali ba ya cin komai: farar takarda a bangon ofishin hedimasta, an rubuta ranar da kuɗi ya shigo, buhun siminti nawa aka saya, nawa aka biya kafinta. Amma inda iyaye da yawa sun fi karanta ajami da Larabci, rubutun Turanci a bango ado ne, sai an karanta shi da Hausa a bainar jama'a. Bayyanawar shawara ita ce a san wanda ya zaɓi gyaran rufi a kan gina ban-ɗaki, da dalilinsa. Ta sakamako kuwa, wato ko ɗan aji huɗu ya iya karanta layi ɗaya, ita ce wadda ba kasafai ake tambaya ba.

A wajen ba'asi ne muke ganin tsarin ya rame. Yana da fuska biyu: na sama, wanda hedimasta ke bayarwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da na ƙasa, wanda yake bayarwa ga iyaye. Na sama yana da haƙori, domin ɗaukar malami da canja masa wurin aiki da ladabtar da shi duk suna hannun hukuma. Kwamiti yana iya duba rajista ya ga malami bai zo ba kwana biyar, amma iyakarsa ya rubuta takarda ya jira amsa. An ba shi ido, hannun yana wani wuri.

Akwai kuma matsalar da doka ba ta ambata ba, wato kunya. Mu ɗauki taro a gindin darbejiyar makaranta: mai unguwa a kan kujera, liman a damansa, iyaye a kan tabarma, mata biyu can gefe. Hedimasta ya karanta lissafi, aka ce madalla, aka shafa fatiha. Uwar da ta lura rufin da aka ce an gyara yana yoyo ba za ta ɗaga murya a gaban surukinta ba, bare yaron da aka zaunar a matsayin wakilin ɗalibai ya musanta malaminsa. Darajar dattawan nan ita ke sa iyaye su tura 'ya'yansu makaranta, saboda haka ba ma ganin cire su a matsayin magani. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba mai riƙe kuɗi da mai duba lissafi, a kuma bar mata su zauna su kaɗai tukuna, kamar yadda aka tanadar musu ƙaramin kwamiti nasu, sannan wakiliyarsu ta kawo maganar da sunan taro. Tambayar da mace ɗaya ba za ta iya yi wa mai unguwa ba, in ta fito daga bakin mata ashirin, dole a rubuta ta a littafin taro a kuma kawo amsarta a zama na gaba.