Tarihin Tarayyar Kwamfutoci a Kan Faifan Ajiya Guda

Gabatarwa

Banki ko kamfanin waya ba ya ɗora rumbun bayanansa a kan kwamfuta ɗaya, domin ranar da ta lalace aiki ya tsaya cik. Wannan ya sa masana suka daɗe suna neman yadda manyan kwamfutoci da dama za su yi tarayya a faifan ajiya guda. Matsalar ita ce faifai bai san fayil ba. Gurabe masu lamba kaɗai ya sani, kuma duk wanda ya umarce shi zai rubuta masa. Idan kwamfutoci biyu suka rubuta a gurbi ɗaya, na baya ya shafe na farko, tamkar akawu biyu masu cika littafin bashi guda ba tare da shawartar juna ba.

Matakan Tarihi

A shekarar 1983 kamfanin DEC na Amurka ya fito da VAXcluster. Ginshiƙinsa shi ne tsarin rabon makulli: kwamfutar da ke son taɓa wani ɓangare sai ta nemi izini, sauran su dakata. A kan wannan tubali Oracle ya gina Parallel Server.

Ba kowa ya gamsu ba. A 1986 Michael Stonebraker na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya yi rubutu yana fifita tsarin da kowace kwamfuta ke riƙe da faifanta, saboda jiran makulli yana ƙaruwa yayin da gungun ke girma. Duk da haka tarayyar ta ci gaba. IBM ya kawo Parallel Sysplex a 1994. A 2001 Oracle ya fito da RAC, inda kwamfutocin ke miƙa wa juna bayanai kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, ba sai an bi ta faifai ba.

A 2004 aka tabbatar da ƙa'idar iSCSI, wadda ta ba da damar isa ga faifai ta hanyar sadarwar kwamfuta ta yau da kullum, sai tsada ta ragu. A 2006 kuma tsare-tsaren fayil na tarayya, OCFS2 da GFS2, suka shiga Linux.

Haɗarin da Ya Rage

Idan layin da ke tsakanin kwamfutocin ya yanke, kowace na iya zaton 'yar'uwarta ta mutu, ta ci gaba da rubutu. Maganin da aka samo shi ne bin rinjaye: ɓangaren da ya fi yawa ya ci gaba, a katse wa ɗayan wuta ko hanyar faifai.

Kammalawa

Abin da ɗalibi zai riƙe shi ne, haɗa faifai da kwamfutoci biyu abu ne mai sauƙi, tsara wanda zai rubuta shi ne aikin. Wanda ya buɗe tsarin fayil irin ext4 a kwamfutoci biyu lokaci guda, kowace tana rubutu, bayanansa za su gurɓata.