Sauya amfanin tsofaffin gine-gine

Sauya amfanin tsohon gini shi ne a ɗauki ginin da aka yi domin wata buƙata, a gyara shi ya koma yin wani aiki dabam ba tare da an rushe shi ba. Gidan sarauta kan koma gidan tarihi, makaranta ta koma ofis, tashar jirgin ƙasa ta koma zauren baje kolin zane-zane. Ya bambanta da gyara na yau da kullum, inda ake toshe ɓaraka a bar gini da aikinsa na asali, ya kuma bambanta da adana kayan tarihi zalla, inda ake killace wuri domin kallo. A nan ana barin bango da rufi da siffar waje gwargwadon hali, mafi yawan canjin kuwa yana faruwa ne a ciki: rabon ɗakuna, hanyar shiga da fita, haske, iska da kayan ɗaki. Wannan fanni yana daga cikin abubuwan da ake koya wa ɗaliban zanen gine-gine da na tsara cikin ɗaki a jami'o'i da kwalejojin fasaha.

Asali

Al'adar ta daɗe kafin a sa mata suna. Ginin Ayasofiya da ke Istanbul an kammala shi a matsayin coci a shekarar 537, ya koma masallaci a 1453, ya zama gidan tarihi a ƙarni na 20, sannan aka mayar da shi masallaci a 2020. A ƙarni na 20 ne masana suka fara rubuta wa aikin ƙa'idoji. Yarjejeniyar Venis ta 1964 ta nuna cewa yin amfani da tsohon gini wajen abin da zai amfani jama'a yana taimaka wa kiyaye shi, muddin ba a ɓata tsarinsa da adonsa ba. Daga cikin misalan da aka fi ambata akwai gidan zane-zane na Orsay a Paris, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka buɗe a sabon matsayinta a 1986, da Tate Modern a Landan, tsohuwar tashar wutar lantarki da aka buɗe a 2000, da gidan Zeitz a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, wanda aka sassaƙa daga cikin tsohon rumbun hatsi na kankare a 2017.

A 'yan shekarun nan batun muhalli ya ƙara wa fannin ƙarfi. Sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a duniya, don haka duk bangon da aka bari a tsaye ragi ne a kan simintin da za a saya da ɓaraguzan da za a kwashe.

A ƙasar Hausa

Ginin ƙasa na Hausawa bai taɓa zama abin da ake gamawa a rufe ba. Ana gina bango da tubali, a yi rufi da azara ta giginya, a shafe da makuba ko laso, kuma duk shekara bayan damina sai an sake yaɓe. Gida yana girma yana raguwa tare da iyalinsa. Zauren da malami ya karantar da almajirai a ciki zai iya komawa shagon tela a hannun ɗansa, ɗakin tsohuwa ya koma ma'ajiyar hatsi bayan rasuwarta. Ko ginin da ya zube ba ya tashi a banza, domin ana jiƙa ƙasarsa a sake buga tubali, azarar da gara ba ta ci ba kuma a ɗora ta a wani rufin.

Gidan Makama a Kano yana cikin tsofaffin misalai. Ana danganta gininsa da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Bayan zuwan Turawa a 1903 an yi amfani da shi a harkar mulki, wani sashe ya zama makaranta, yau kuma gidan tarihi ne. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna ya kuma fara makarantar boko a 1909, shi ma yanzu wurin adana tarihi da al'adun Kano ne. A Kaduna, gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello, ya koma Gidan Arewa a 1970, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello.

A Jihar Katsina babban misali shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina. An kafa ta a 1921 a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, kuma da jar ƙasa aka gina ta bisa salon maginan Hausa. A cikinta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Makarantar ta tashi zuwa Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya inda ta zama Kwalejin Barewa, amma ginin ya tsaya a Katsina. An sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa, yanzu kuma gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta Najeriya. Azuzuwan da ke jere sun dace da ɗakunan baje koli ba tare da an fasa bango da yawa ba, wanda yana cikin dalilan da suka sa sauyin ya zauna.

Ba kowane yunƙuri ne ya yi daɗi ba. Babban Masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, an lulluɓe shi da sabon ginin kankare a shekarun 1970, aka bar tsohon ginin ƙasa a ciki. A watan Agusta na 2023 wani sashe nasa ya rufta ana cikin sallah, mutane da dama suka rasu. A Kano kuma an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa hanya.

Masallacin Dandaji

Aikin da ya fi jawo hankalin duniya a wannan fanni a ƙasar Hausa yana ƙauyen Dandaji ne, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Tsohon masallacin Juma'a na garin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da ya gina masallacin Yama, wanda ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Da masallacin ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan, sai aka fara maganar rushe shi a yi sabo na siminti. Masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, waɗanda suka yi karatu tare a Jami'ar Washington da ke Amurka, suka kawo wata shawara: a gina sabon masallaci mai ɗaukar kusan mutum 1,000 a gefe, tsohon kuma a mayar da shi ɗakin karatu.

An kammala aikin a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma. An gayyato magina daga cikin waɗanda suka yi ginin farko suka gyara bango da rufi. A ciki an saka kantocin littattafai da wani ƙaramin bene na ƙarfe da katako tsakanin ginshiƙai, ta yadda ɗalibai suka sami wurin zama sama da ƙasa alhali ginshiƙan da bakan gizon rufin suna nan yadda suke. Sabon masallacin da bulon ƙasa da aka matse da inji aka gina shi. Wani abin lura shi ne zaɓin sabon aikin da aka ba ginin. Masallaci waƙafi ne, malaman fiƙihu kuma suna da tsanani a kan canza shi. Da an ce za a mayar da shi shaguna da wuya jama'a su yarda, amma karatu abu ne da dama can ake yi a masallaci.

Aikin ɗalibai

Sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello ya samo asali ne daga Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, wadda kwas ɗinta ya koma Zariya a tsakiyar shekarun 1950, kafin kafa jami'ar a 1962. Zbigniew Dmochowski, masani ɗan ƙasar Folan, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Najeriya tare da matasan da ya horar. Daga wannan aiki aka sami gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos da littafinsa mai juzu'i uku da aka buga a 1990, bayan rasuwarsa. Zanen da suka yi wa masallacin Zariya yana cikin abubuwan da suka adana siffarsa ta asali. Hamman Tukur Sa'ad kuma ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1981 a kan gwanayen maginan Hausa.

Aikin ɗalibi a wannan fanni yakan fara da awo. Sai ya je wurin da kansa da tef da littafin zane, ya auna kowane ɗaki, kaurin bango, tsayin rufi da faɗin ƙofa, ya fitar da taswirar ginin kamar yadda yake a yau. Daga nan sai binciken lafiyar gini. A ginin ƙasa wurare uku aka fi dubawa: gindin bango, inda danshi da gishirin ƙasa ke cin yaɓe, bakin indararo, inda ruwa ke komawa jikin bango idan ya toshe ko ya karye, da kan azara, inda gara ke shiga ba a gani ba. Bayan haka yakan zauna da masu gida da dattawan unguwa da magina ya ji tarihin wurin da abin da mutane ke buƙata. Sai a ƙarshe ya zana shawararsa, ya haɗa samfuri da kwali ko a kwamfuta, ya kare ta a gaban kwamitin malamai.

Akwai ƙa'idojin da malamai kan nanata. Abin da aka ƙara ya zama ana iya cire shi ba tare da an raunata tsohon gini ba. Sabo kada ya yi shigar tsoho har a kasa bambance su. Kayan gyara kuma su dace da na asali. Kuskuren da ya fi yawa, a zanen ɗalibai da kuma a gidajen mutane, shi ne shafe bangon ƙasa da filastar siminti. Siminti ba ya barin danshi ya fita, sai ƙasar da ke bayansa ta ruɓe a ɓoye, wata rana filastar ta ɓalle da rabin bango. Haka nan azara ba ta ɗaukar tazarar da ta wuce kusan mita biyu sai da dabarar jeranta ta hawa-hawa ko ɗaurin guga, saboda haka ɗalibin da ya goge bangon tsakiya a takarda domin ya sami babban falo yakan rushe abin da ke riƙe da rufin ne. Wayar lantarki da famfo da makewayi su ma sukan ba da wahala, tun da bututun ruwa a cikin bangon ƙasa haɗari ne.

Tsara cikin ɗaki yana da nasa sharuɗɗan. Gidan Bahaushe an tsara shi ne daga zaure zuwa ƙofar gida zuwa shigifa zuwa cikin gida, kowane mataki yana rage wanda ke da izinin wucewa. Idan za a mayar da irin wannan gida asibitin sha-ka-tafi ko makarantar mata, wannan jeri yakan zama alheri, domin ya riga ya raba wurin jira da wurin sirri. Idan kuwa gidan abinci ko kanti ake so, sai ya zama cikas. Ƙananan tagogin da ke hana zafi shiga su ne kuma ke hana hasken karatu.

Batsari da Safana

A yammacin Jihar Katsina, a ƙananan hukumomin Batsari da Safana da ke bakin dajin Rugu, sauya amfanin gini ya zo ta hanyar larura. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama, kuma a 2019 mutanen da suka gudo sun zauna a azuzuwan makarantar firamare a garin Batsari. Aji an yi shi ne domin yara su zauna sa'o'i kaɗan da rana. Da iyalai suka koma kwana a ciki sai buƙatar makewayi da wurin girki da labule tsakanin iyali da iyali ta taso, karatun yaran garin kuma ya sami tangarɗa. A ƙauyukan da aka bari kuwa, gidajen ƙasa da rumbuna da ba a yi musu yaɓe ba sukan fara zubewa cikin damina kaɗan.

Yankin yana da tsofaffin garuruwa irin su Ruma, wadda daga gare ta hakimin Batsari ya sami sarautarsa ta Sarkin Ruma, kamar yadda hakimin Safana ke riƙe da sarautar Yariman Katsina. Matsalar tsaro ta sa zuwa awon gini a irin waɗannan wurare ya yi wa ɗalibai wuya, shi ya sa ayyukansu suka fi karkata ga birane kamar Katsina da Kano da Zariya.

Matsaloli

Babban cikas a birane shi ne gado da tsadar fili. Idan mai gida ya rasu magada suka yi yawa, sayar da gidan a raba kuɗi ya fi sauƙi, mai saye kuma filin yake so, ba ginin ba. Ga kuma kallon da ake yi wa ginin ƙasa a matsayin alamar talauci, da raguwar maginan da suka iya ɗaurin guga da bakan gizo, da ƙarancin giginyar da ake samun azara. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta Najeriya tana kare gine-ginen da aka ayyana a hukumance ne, waɗanda ba su da yawa, ta bar sauran a hannun masu su. Mafi yawan zanen da ɗalibai ke yi kuma a ɗakin ajiyar sashe yake ƙarewa bayan an ba da maki, ba ya isa ga ƙaramar hukuma ko masarautar da ginin ke hannunta.