Jinin da ba ya tsayawa: daga Andalus zuwa fadar Rasha

Kimanin shekara dubu da suka shuɗe, babban likitan Andalus, Abul Ƙasim az-Zahrawi, ya kawo a littafinsa At-Tasrif labarin wani ƙauye inda maza ke mutuwa da zubar jini saboda ɗan rauni ƙanƙane. Wannan yana cikin tsofaffin bayanan da muke da su kan cutar himofiliya, wato rashin daskarewar jini.

A 1803 likita John Otto na Filadelfiya a Amurka ya bayyana yadda ake gadonta: maza take kamawa, amma ta wajen uwa lafiyayya take biyowa. Daga baya aka gano dalili. Ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin daskarar da jini tana kan kuromosom X. Mace tana da biyu, in ɗaya ya sami naƙasu ɗayan ya rufa masa asiri. Namiji kuwa ɗaya gare shi, wanda ya gada wurin uwarsa.

Gidan Sarauniya Biktoriya ta Ingila ya zama abin misali. Ɗanta Leopold ya rasu a 1884 yana da shekara 30, bayan faɗuwa da ya yi. Ƴaƴanta mata biyu, Alice da Beatrice, suka kai cutar gidajen sarautar Jamus da Rasha da Sifen ta hanyar aure. Jikarta Alexandra ta haifa wa Sarki Nikolas na Biyu magaji, Alexei, a 1904. Fada ta ɓoye ciwon yaron, uwar kuma ta rataya begenta ga Rasputin, wanda kusancinsa da gidan ya zubar da kwarjinin sarauta gabanin juyin juya halin 1917. Sai a 2009 binciken ƙasusuwan iyalin, waɗanda aka kashe a 1918, ya tabbatar cewa himofiliya B ce, ƙarancin sinadari na tara.

Mu da ke kai jarirai da yara gaban wanzami don kaciya ko cire beli, tarihin nan ya shafe mu. Mu tambayi dangin uwa: akwai kawu ko ɗan'uwa da jininsa ya taɓa ƙin tsayawa? In akwai, a gwada jinin yaro a asibiti kafin aska ta taɓa shi, domin yau ana yin allurar sinadarin da ya rasa. Ba maita ba ce, kuma uwar ba ta da laifi.