3.2 Gandun Oostvaardersplassen da Sakamakon Sakin Manyan Dabbobi (1968–2018)

Wannan sashe zai yi nazarin tarihin gandun Oostvaardersplassen da ke lardin Flevoland a ƙasar Holan, domin nuna iyakar dabarar nan ta sakin manyan dabbobi masu cin ciyawa da nufin mayar da wuri daji kamar yadda yake a da can.

Asalin wurin ƙarƙashin ruwa yake. A shekarar 1968 aka janye ruwan da niyyar kafa masana'antu, amma ba a kafa ba, sai fadama ta mamaye mafi yawan filin mai faɗin kadada kusan 5,600, tsuntsaye kuma suka mayar da shi gida. Don gudun kada itatuwa su rufe filin da dinya ke kiwo, masana irin su Frans Vera suka kawo shawarar a saki dabbobi su riƙa cin tsiro ba tare da makiyayi ba. A 1983 aka saki shanu 32 na irin Heck, a 1984 aka kawo dawaki kimanin 20 na irin Konik, sannan a 1992 aka ƙara barewar Turai mai rassan ƙaho.

Sai dai shirin ya taho da rauni biyu. Na farko, an kewaye gandun da shinge, don haka dabba ba ta da halin yin ƙaura idan abinci ya ƙare. Na biyu, babu namun daji masu farauta irin su kyarkeci da za su rage yawansu. Wannan ya sa suka yi ta hayayyafa har suka haura 5,000 a shekarar 2017, alhali busasshen filin da suke kiwo bai wuce kadada kusan 2,000 ba. Suka cinye ƙananan itatuwa, suka ɓare ɓawon manya, tsuntsayen da ke sheƙa a cikinsu kuwa suka ragu.

A hunturun 2017 zuwa 2018 fiye da dabbobi 3,000 suka mutu, akasarinsu ma'aikatan gandun ne suka harbe su bayan yunwa ta galabaitar da su. Jama'a suka fusata, wasu har suna jefa ciyawa ta kan shinge. A 2018 kwamitin Van Geel ya ba da shawarar a rage dabbobin zuwa kimanin 1,100, lardin ya amince, aka fara harbin barewa a ƙarshen shekarar.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa sakin dabbobi kaɗai ba ya mayar da wuri daji. Matuƙar babu mafarauta da hanyar ƙaura, to ko dai yunwa ta ƙayyade yawansu, ko kuwa ɗan Adam ya sake sa hannu.